Tarihin Rumfar Inabi, Daga Kaburburan Masar Zuwa Tsakar Gidanmu

Duk wanda ya saba karanta littattafanmu na soyayya ya san cewa idan marubuci yana son ya nuna an shiga gidan masu hannu da shuni, to ba ya wahalar da kansa, sai kawai ya sa 'yar aiki ta shigo falo da faranti shaƙe da tuffa da inabi ta dire a gaban baƙo. Da mai karatu ya ga inabi ya san akwai naira a gidan. Mun mayar da shi ɗan gayu mai zuwa a jirgi cikin 'yar robar da aka liƙa wa takarda, har wasu yaranmu na zaton bishiyarsa tsayayya ce kamar ta mangwaro ko goba. Alhali kuwa inabi yaɗo ne, ɗan uwan duma da soso a ɗabi'a, ba ya iya tsayuwa da ƙafarsa sai ya sami abin jingina. To wannan abin jinginar shi nake son mu bi tarihinsa yau, domin na lura cewa da yawa daga cikin waɗanda suke sayen dashen inabi su kai gida, shekara biyu su tuge shi suna cewa ƙasarmu ba ta karɓarsa, matsalarsu daga rumfa take.

Asalin inabi ɗan daji ne. A bakin koguna da kurmin yammacin Asiya da kudancin Turai yake fitowa, ya nemi bishiya mafi kusa ya kama ta da 'yan zaren da yake fitarwa, ya yi ta hawa har sai ya leƙa saman ganyenta ya sami rana, a can ne yake yin fure ya yi 'ya'ya, tsuntsaye su ci su yaɗa irin. Wani babban bincike da aka fitar a 2023 ya nuna cewa mutane sun fara mayar da shi shukar gida ne kimanin shekaru 11,000 da suka wuce, a yammacin Asiya da kuma yankin tsaunukan Kokasas. Tun daga ranar kuwa manomi ya shiga wata dambarwa da har yau ba a gama ta ba: shukar tana son ta tafi sama inda hannu ba ya kaiwa, shi kuma yana son ta a inda zai tsinka. Idan ya bar ta a ƙasa 'ya'yan su ruɓe, ɓera da dabbobi su cinye. Idan ya bar ta ta bi son ranta sai ya nemi tsani.

Misirawan dā su ne suka bar mana hoto mafi tsufa kuma mafi bayyana na yadda aka sasanta wannan rigima. A cikin rubutunsu na zane-zane, alamar da ke nufin inabi hoton kuringa ce a ɗore kan dirkoki masu baki biyu, da nonon inabi yana reto a ƙarƙashi. Wato su a wajensu ba a ma raba inabi da dirkarsa ko a rubutu. Duk Bahaushen da ya ga wannan alama zai ce ai wannan rumfar mai tsire ce ta bakin kasuwa, gwafa biyu da sanda a gicciye. Akwai wani babban ma'aikacin fada mai suna Mecen, wanda ya rayu kimanin shekaru 2,600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), da ya sa aka rubuta tarihinsa a bangon kabarinsa, a ciki yake alfahari da gidansa mai tsawon kamu 200 da faɗin kamu 200, mai tafki da itatuwan ɓaure da inabi. Ka ga ke nan tun a wancan zamanin inabin tsakar gida abin tinƙaho ne, ba mu marubuta muka fara ba.

A Luksor kuwa akwai kabarin wani magatakarda mai suna Nakat, na wajajen shekara ta 1400 kafin Annabi Isa, inda aka zana mutum biyu suna tsinkar inabi a ƙarƙashin kuringar da aka lanƙwasa ta yi baka kamar ƙofar soro. Amma wanda ya fi burge ni shi ne kabarin Sennefer, magajin garin birnin a zamanin Fir'auna Amenhotef na Biyu. Masu haƙa kabarin sun tarar da dutsen wurin ba shi da kyau, rufin ya ƙi yin sumul, duk tudu da kwari. Maimakon su yi ta fama da shi, sai mai zanen ya zane rufin da ganye da nonnan inabi, tudun da kwarin suka zama tamkar nauyin 'ya'ya ne ya sa rumfar ta yi ciki. Har yau masu yawon buɗe ido suna kiransa kabarin inabi. Mutum ne ya so ko bayan ransa ya kwanta a ƙarƙashin rumfarsa.

A Ninawa ta ƙasar Iraƙi ma an sami wani allon dutse na wajajen 645 kafin Annabi Isa, yanzu yana gidan tarihi na Birtaniya a Landan, da ke nuna Sarki Ashurbanifal a kishingiɗe, sarauniyarsa na zaune a gabansa, inabi ya taso daga bishiyoyin gefe ya haɗu a samansu ya yi musu inuwa. Sai dai idan mutum ya duba da kyau zai ga kan Sarkin Elam da aka sare yana rataye a reshen wata bishiya a gefe guda. Sarakunan dā ke nan, ko a wajen shan iska sai sun tuna maka da takobi. Mai karatu ya riƙe sunan Ninawa, za mu sake haɗuwa da shi.

Rumawa su ne suka mayar da maganar rumfa ilimi, suka cika littattafai da ita. A ƙasar Italiya tsohuwar hanya ita ce a shuka bishiyoyi jeri-jeri a gona, a dasa inabi a gindin kowace, a bar shi ya hau. Su wannan suke kira aure, bishiyar ce miji, kuringar ce amarya, bishiyar da ba a ɗora mata inabi ba kuwa gwauruwa ce. (Mu kuma da muka ce mangwaro mai aure muna nufin wanda aka haɗa reshen wani da gindin wani, kowa da irin aurensa.) Ba kowace bishiya ake ba amarya ba, sai mai ganye kaɗan wadda ba za ta tare rana ba, kuma duk shekara sai an sassabe mata rassa an jera su hawa-hawa kamar bene. Ganyen da aka sassabe a ba shanu, a tsakanin layukan kuma a shuka alkama. Gona ɗaya, amfani uku.

To amma wa ke hawa? Wani malaminsu mai suna Filini Babba ya faɗa a cikin littafinsa na tarihin halittu cewa a yankin Kamfaniya inabi yana hawa bishiya ya yi nisan da ɗan ƙwadagon da aka ɗauka tsinka ba ya yarda ya hau sai an sa a cikin yarjejeniya cewa idan ya faɗo, mai gona ne zai biya kuɗin jana'izarsa da na kabarinsa. Wannan magana ta daɗe tana yi mini yawo a rai. Mai gona yana ƙasa yana lissafin tuluna, talaka yana can sama yana lissafin likkafani. Kuma kada a ɗauka abin ya wuce, har gobe a kusa da garin Abersa da ke arewa da Nafoli akwai sauran irin waɗannan gonaki, inda inabi ke kaiwa mita goma ko fiye, masu tsinka suna hawa da wani siririn tsani da ake sassaƙa wa kowane mutum daidai tsawon ƙaurinsa.

Shi dai Filinin ya lissafa hanyoyi biyar da mutanen zamaninsa ke bi: a bar inabi ya kwanta a ƙasa, ko a datse shi ya zama ɗan guntun kututture mai tsayuwa da kansa, ko a ba shi turke guda, ko a haɗa turaka da sanda a gicciye, wadda suke kira karkiya saboda kamarta da ta shanun noma, ko kuma a haɗa karkiya huɗu su yi murabba'i, wato cikakkiyar rumfa. Idan ka cire wayar ƙarfe, babu wani abin da aka ƙara a kan waɗannan biyar har yau. Ya kuma ba da labarin wata kuringa guda ɗaya tak a birnin Rum, a farfajiyar da aka gina da sunan Libiya matar Sarki Agustas, wadda ta rufe hanyoyin wurin da inuwa kuma take ba da tulu 12 na ruwan inabi a shekara. Tulunsu na awo yana cin kimanin lita 26, wato ka ce jarka goma sha biyu daga gindi ɗaya.

Wani abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne tsadar kayan rumfar. Kato, wani dattijon Rum da ya yi littafin noma a ƙarni na biyu kafin Annabi Isa, da ya zo jera gonaki bisa ga riba, gonar inabi ya sa farko, lambun ban-ruwa na biyu, na uku kuwa sai gonar wata bishiyar bakin rafi mai rassa masu lanƙwasuwa, irin aikin da geza da kargo suke yi mana. Ya sa ta gaba da zaitun, gaba da alkama. Dalili kuwa da rassanta ake ɗaure inabi, kuma duk shekara sai an sake ɗauri. Kolumela, mutumin Kadis ta ƙasar Sifen wanda ya rubuta littafi 12 kan noma a ƙarni na farko, shi cewa ya yi kada mutum ya fara dasa inabi sai ya tanadi wurin da zai riƙa samun turaka da gora da abin ɗauri, ya kira su sadakin amarya. Wanda bai tanadi sadaki ba, kada ya nemi aure.

Da a littafi kaɗai abin ya tsaya da sai mu ce ko malaman sun ƙara gishiri. To a shekara ta 79 Miladiyya dutsen Besubiyas ya yi aman wuta ya binne garin Fomfei da toka, a wannan bala'in ne ma shi Filini ya rasu. Daga shekarun 1960 wata malama Ba'amurkiya mai suna Wilhelmina Jashemski ta shiga tonon filayen garin da kowa ya raina saboda babu gini a cikinsu. Ta lura cewa saiwoyin da suka ruɓe sun bar ramuka a ƙasa, tsakuwar dutsen ta cike su. Sai ta riƙa kwashe tsakuwar a hankali tana zuba siminti, in ya bushe a tono shi da siffar saiwar. A wani fili kusa da dandalin wasannin garin, wanda aka daɗe ana cewa kasuwar shanu ce, ta sami ramukan inabi sama da 2,000 a jere, tazarar kimanin mita ɗaya da 'yan kai tsakaninsu, kowane da ramin turkensa a gefe. A gidajen mutane kuwa ta yi ta samun dakalin cin abinci a tsakar gida, da ginshiƙai ko ramukan dirkoki a kewaye da shi, da saiwar inabi a gindinsu. Har gidajen masu ƙaramin ƙarfi. Ashe talakan Fomfei ma a ƙarƙashin inabi yake cin tuwonsa da rani.

Yanzu bari mu zo inda zuciyarmu ta fi karkata. Larabawa suna kiran rumfa arishi, kalmar da duk ɗalibin sira ya sani, domin ita ce sunan 'yar rumfar da aka yi wa Manzon Allah (SAW) ranar Badar. Daga wannan tushen kalmar ne Alƙur'ani ya yi maganar gonaki masu rumfuna da marasa rumfuna a aya ta 141 ta Suratul An'am, haka nan a Suratul Kahfi, mai gonakin inabi biyu da ya yi girman kai ya wayi gari ya tarar da gonar ta zube a kan rumfunanta. Sai wanda ya taɓa ganin rumfar inabi ta rushe zai gane nauyin wannan hoton, domin dirkoki ne ke fara faɗuwa, sannan kuringar da 'ya'yanta su bi su, aikin shekaru ya zama tsibi guda.

Garin inabi a Hijaz shi ne Ɗa'ifa, wadda ke kan tsauni mai tsayin kimanin mita 1,800, ga sanyi ga ruwa. Attajiran Makka suna da gonaki a can, zabibin Ɗa'ifa kuma har a cikin ruwan da ake shayar da mahajjata ake jiƙa shi don ya kashe zartsi. A cikin ɗaya daga waɗannan gonakin, ta Utba da Shaiba 'ya'yan Rabi'a, Manzon Allah (SAW) ya fake a inuwar inabi ranar da mutanen garin suka jefe shi, har bawansu Addas ya kawo masa nonon inabi a faranti. Addas kuwa Banasare ne mutumin Ninawa, garin Annabi Yunus (AS), garin da muka baro Ashurbanifal a kishingiɗe. A shekara ta 8 bayan hijira, lokacin da aka yi wa Ɗa'ifa ƙawanya, da aka fara saran inabinsu sai Banu Saƙifa suka yi roƙo don Allah da zumunci a bar shi, aka kuma bar musu. Mutanen da suka jure wa majaujawa ba su iya jure ganin ana sare kuringa ba, saboda sun san ganuwa ana gyara ta a wata guda, inabi kuwa sai an shekara uku ana jira kafin a ga abin kirki.

Yaƙutul Hamawi, wanda ya rasu a 1229, ya kawo a cikin Mu'ujamul Buldan labarin wata gona a Ɗa'ifa mai suna Wahaɗ, mallakar Amru ɗan Asi (RA). Ya ce inabinta a kan itace dubu sau dubu yake, wato miliyan guda, kuma kowane itace dirhami ɗaya aka saye shi. Ko da a ce masu ba da labari sun zagaye lissafin, abin lura shi ne da suka tashi nuna girman gonar, dirkokinta suka ƙirga da kuɗinsu. Ya ƙara da cewa Halifa Sulaimanu ɗan Abdulmalik ya ziyarci gonar, ya yaba ta ƙwarai, sai dai ya ce wannan baƙin dutsen da ke tsakiyarta ne ya ɓata ta. Aka ce masa ranka ya daɗe ba dutse ba ne, zabibi ne aka tara.

A Andalus malamai irin su Ibnul Awwam na Ishbiliya, a ƙarshen ƙarni na 12, sun tattara ilimin Rumawa da na Larabawa a littattafan noma. Ibnu Luyun na Almariya, wanda ya rasu a 1349, har tsarin gida ya zayyana a cikin waƙarsa ta noma, da tafki, da wurin zama a tsakiya, da hanyoyin da rumfar inabi ta lulluɓe. Ba a rasa masu ganin inabi da ido ɗaya ba saboda abin da ake yi da ruwansa. A Masar, Halifa Alhakim na Faɗimiyya ya sa an sassare gonakin inabi an hana sayar da zabibi a wajajen 1011. A Ƙurɗuba kuma an ruwaito cewa Alhakam na Biyu ya yi niyyar tuge inabin Andalus baki ɗaya, mashawartansa suka nuna masa cewa mai son barasa zai yi ta ko da ɓaure ne, sai ya fasa. Ni dai ina bayan mashawartan nan. Mu nan da dawa da gero ake yin burukutu, ban kuwa taɓa jin wanda ya ce a daina noman dawa ba.

Daga zamanin Rumawa har zuwa ƙarni na 19 itace da gora da igiya su ne kayan aiki. Annoba ce ta kawo canji. A 1863 aka fara ganin inabi yana bushewa a kudancin Faransa, sai a 1868 aka gano wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne mai suna filoksera da ya zo daga Amurka yana cin saiwa. Ya cinye mafi yawan gonakin Turai. Maganin da aka samu shi ne aure irin namu, a ɗora reshen inabin Turai a kan gindin na Amurka wanda ƙwaron ba ya kashewa. A 1878 kuma wata cutar fumfuna mai bin ganye a lokacin damshi ta biyo baya, ita ma daga Amurka, har wani malami mai suna Milarde ya fito da haɗin sinadarin jan ƙarfe da farar ƙasa a 1885, wanda ake kira haɗin Bodo. Da can gonakin a cakuɗe suke, kowace kuringa da turkenta. Da aka zo sake dashe, ga dashen aure da tsada, ga feshi ya zama dole, ga wayar ƙarfe ta yi araha, sai aka koma layi-layi a kan waya yadda doki da garma da mai feshi za su wuce. Tsarin datsa da wani likita Jul Giyo ya yaɗa a littafinsa na 1860 ya dace da wayar, har yau da sunansa ake kiransa. Waɗannan layukan da muke gani a hotuna kamar an ja su da rula, ba su kai shekara 200 ba.

Gida kuwa bai bi gona ba, domin maigida inuwa yake nema tare da 'ya'ya, saboda haka rumfa ta zauna daram. A fadar Hamton Kot ta Ingila akwai kuringa guda da aka dasa a 1768, tana nan da ranta a cikin ɗakin gilashi, kaurin gindinta ya kai mita 4, reshenta mafi tsawo ya haura mita 36, tana ba da kimanin kilo 270 a shekara. Filin da ke gefen ɗakin an bar shi fayau ba a shuka komai, taki kawai ake zuba masa, saboda saiwarta tana ƙarƙashi.

Mu darasinmu ya fi kusa da na ƙasashen zafi irin su Indiya, musamman yankin Nashik, da kuma manomanmu na Kudan a Jihar Kaduna, kusa da Zariya, waɗanda suka yi suna a noman inabi. A ƙasar sanyi hunturu ne ke sa inabi barci ya zubar da ganye, da bazara ya farka da fure. A wajenmu ba ya barci, in ka ƙyale shi sai ya yi ta ganye kamar soso, ko ɗa guda ba za ka gani ba. Almakashi ne ke yi masa aikin hunturu. Sirrin kuwa guda ne, inabi yana yin 'ya'ya ne a kan sabon tsiron da ya fito daga reshen da ya riga ya ƙosa ya yi launin ƙasa-ƙasa, ba daga tsohon kututture ba. Shi ya sa manoman Indiya suke datsa sau biyu, a watan Afrilu su aske shi har kusa da manyan rassa don ya fitar da sababbi, a watan Oktoba su rage tsawon waɗannan sababbin don su yi fure, 'ya'yan su nuna da rani lokacin da babu ruwan sama balle fumfuna. Daga datsar Oktoba zuwa tsinka wata huɗu ne zuwa biyar. Wanda bai yi rumfa mai tsari ba, ba zai ma iya bambance reshen bana da na bara ba, balle ya san inda zai sa almakashi.

Tawa rumfar ta tsakar gida mita 3 ce da mita 4, dirka shida, tsayinta mita biyu da ɗan ɗori, yadda dogon mutum zai wuce ba sunkuyo kuma mace za ta miƙa hannu ta tsinka daga kan kujerar tsugunno. Wannan tsayin yana da wani amfanin, ba sai an hau tsani ana leƙa gidan maƙwabta ba. Babban abokin gabarmu a nan gara ce, abin da su Kolumela ba su sha fama da shi kamar mu ba. Duk wanda zai kafa itace to ya nemi ƙirya ko azarar giginya, amma ni bututun ƙarfe na sa, na haƙa rami kamu ɗaya da 'yan kai, na zuba kankare, na shafe shi da fenti saboda tsatsa. Mai walda ya haɗa kawunan da ƙarfe, sannan muka ja waya marar tsatsa a tsakani, tazarar taƙi biyu, tsaye da kwance kamar saƙar raga. A ja ta da ƙarfi tun farko. Mutane suna kallon ɗan dashen da bai fi fensir ba su yi masa rumfar kara, sun manta cewa nan da shekara huɗu ganye da 'ya'ya da ruwan sama da iskar farkon damina duk a kanta za su taru. Kada kuma a kafa ƙusa a katangar ƙasa a ce ita za ta ɗauki nauyin, kuma a nisanta ramin dashen da gini kamar mita guda saboda ban-ruwa.

Gindi ɗaya ya ishi rumfa irin wannan, in an yi yawa biyu. Shekarar farko tarbiyya ce zalla. A kafa gora a gefen dashen, a zaɓi tsiro guda mafi ƙarfi a riƙa ɗaure shi da tsumma ko kaba, sako-sako don kada ya shaƙe, duk wani reshe da ya ɓullo a gefe a cire shi da farce. In ya kusa taɓa wayar sai a tsinke kansa, zai fitar da rassa biyu, a kwantar da ɗaya gabas ɗaya yamma, daga jikinsu ne sauran za su fito a jera su a kan waya kamar ƙashin kifi. Ko ya yi fure a wannan shekarar a daure a cire. Akuya kuwa a yi mata shinge, ruwan wanki mai sabulu kuma a nema masa wata hanyar.

Inda na saɓa da manoman gona shi ne askin watan Afrilu. Su kasuwa suke yi wa aiki, ni kuwa a watan ne iyalina suka fi bukatar inuwa, lokacin da rumfar kwano take zama tanda, ganye kuwa yana numfashi yana sanyaya wuri. Don haka nakan jinkirta shi har sai hadari ya fara haɗuwa a watan Mayu, na yarda in rasa wani abu daga yawan 'ya'yan. Datsar bayan damina ba ta da wannan matsalar, domin tana faɗawa ne a bakin sanyi, lokacin da kowa ke neman hantsi. Idan 'ya'yan suka kai girman wake sai a rage su, a bar nono ɗaya ko biyu a kowane tsiro, a kuma cire ganyen da ya cushe don iska ta ratsa. Da sun fara canza launi tsuntsaye da jemagu za su sanar da kai, a nan ne tsohon gidan sauro yake da rana, a yayyanka shi a ɗaure wa kowane nono nasa. Kuma a ɗanɗana kafin a yanka, don inabi ba ayaba ba ne, in an tsinke shi da tsami haka zai zauna da tsaminsa ko an binne shi a buhun gero.